Yadda muke shirya sansanin yara na dogon hutu a ikkilisiyarmu

Da an shiga watan Yuli iyaye kan fara tare ni a bakin majami'a bayan sujada: "Malam, bana akwai sansani kuwa?" Ni malamin makarantar Lahadi ne a wata ikkilisiya da ke kudancin Kaduna, ba nisa da Kafanchan, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin masu tara yara su kwana wuri ɗaya a lokacin dogon hutu. 'Yan'uwa daga wasu ikkilisiyoyi sun sha tambayata ta ina ake farawa. Ga yadda muke yi, da dalilin da ya sa muke yin hakan.

Ka fara da Baba Fasto da dattawan ikkilisiya tun watan Mayu. In sun amince, ku tsai da rana. Mu daga Laraba da yamma muke farawa, mu tashi ranar Lahadi bayan sujada, kwana huɗu ke nan. Mun taɓa gwada mako guda, kafin kwana na shida malamai sun gaji, yara sun fara rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba. Muna karɓar 'yan shekara 7 zuwa 13. Wanda bai kai bakwai ba ya zo da safe ya koma gida da yamma, don yaron da bai saba kwana nesa da uwarsa ba, kukan dare ne zai cinye masa sansanin. Wurin kwana kuwa azuzuwan makarantar firamare ta ikkilisiya ne. Agusta watan marka ne, saboda haka ka shiga kowane aji ka ɗaga kai ka duba kwano, ka ga inda yake yoyo. A sare ciyawar fili mako guda kafin ranar saboda macizai, a tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi, a yi wa rijiya murfi mai kwaɗo. Kada ka aika a duba maka masai, ka je da ƙafarka.

Sannan ka je gidan mai unguwa ka gaishe shi, ka gaya masa ranakun. Ka sanar da ofishin 'yan sanda da 'yan banga. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da ya sa ba a tara yara da dare ba tare da shirin tsaro ba. Idan gari ba lafiya a makon, a mai da shi taron yini kawai, kowa ya kwana gidansu. Babu abin kunya a ciki.

Takardar izinin iyaye ita ce abin da ba na sassauci a kai. A rubuta sunan yaro da shekarunsa, lambar wayar mutum biyu, sunan wanda zai zo ɗaukarsa, da duk wata lalura da yake da ita: sikila, asma, farfaɗiya, abincin da ba ya karɓarsa, har da fitsarin kwance. A shekararmu ta farko ba mu yi wannan tambayar ba. Wani yaro ɗan shekara tara ya buga ƙwallo cikin ruwan sama har jikinsa ya jiƙe sharkaf, muna ta murna da ƙwazonsa. Wajen ƙarfe ɗayan dare sai ga shi yana murƙususu, yana riƙe gwiwoyinsa yana cewa ƙashinsa ne ke ciwo. Ashe mai sikila ne, sanyi ne ya tayar masa. A kan babur muka kai shi asibiti, ni na rungume shi a tsakiya, ina jin haƙoransa suna kaɗawa. Allah ya ba shi sauƙi, amma tun daga ranar ba yaron da ke shiga sansani sai takardarsa tana hannuna, kuma sai an sami ma'aikaciyar jinya daga cikin 'yan ikkilisiya da za ta kwana tare da mu.

Yanzu ga abin da ke riƙe da sansanin baki ɗaya, in aka rasa shi sauran duk hayaniya ce: a raba yara gida-gida. Kowane gida yara goma, malamai biyu. Muna ba gidajen sunayen mutanen da Allah ya yi aiki da su tun suna ƙanana, wato gidan Sama'ila, gidan Dauda, gidan Maryamu 'yar'uwar Musa, gidan Timoti, da gidan Yosiya wanda ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 8. Wajen rabon kada ka bar yara su zaɓi abokansu. Ka gauraya su da kanka: Bajju da Atyap da Ham, ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo, ɗan mai mota da ɗan da ya zo da kayansa a leda, ɗan cikin gari da na ƙauye. Wa da ƙane ma ka raba su, in ba haka ba ƙaramin zai wuni a bayan yayansa. Za su ɓata rai a daren farko. Bar su. Kafin Juma'a za ka ji suna kiran juna "ɗan gidanmu."

Malamin gida tare da yaransa yake ci, tare suke wasa, tare suke addu'a, kuma kafin a kwanta a daren Laraba dole ya iya sunan kowannensu ba tare da duba takarda ba. Darasin da babban mai koyarwa zai yi a gaban taro minti ashirin ne. Sauran awoyin yini duka, malamin gida yara ke kallo: yadda yake magana in ransa ya ɓaci, ko ya ɗebi nama fiye da rabonsa, ko ya tsaya jiran mai tafiyar hawainiya. Shi ya sa nake ɓata lokaci wajen zaɓen malamai fiye da wajen shirya darasi. Ba na ɗaukar wanda ya zo mana jiya, komai iya waƙarsa. Dokokinmu kaɗan ne, amma kowa yana sa hannu: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a ɗaki, maza da mata kowa da ɗakin kwanansa da malaman jinsinsa, babu bulala, babu sa yaro ya durƙusa a rana, babu ɗaukar hoton yaro a sa a Facebook sai iyayensa sun yarda. Hafsoshin Boys' Brigade da Girls' Brigade, wato ƙungiyoyin ikkilisiya masu horar da yara maza da mata, suna da amfani ƙwarai a nan, sun iya jera yara da kiyaye lokaci, don aikin ke nan tun da aka kafa ta mazan a Gilasgo a 1883. Sai dai ka gaya musu tun farko cewa fareti na minti goma ne da safe, sauran yinin murya ƙasa-ƙasa.

Batun wasa, kada ka ce sai ka sayi kaya. Ƙwallo ɗaya, igiya mai kauri, buhuna goma da usur sun isa. Sauran duk muna da su tun kaka da kakanni. Langa ita ce sarauniyar fili: kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita, 'yan kowane ɓangare kuma suna kare ruwansu, wato ɗan wasan da suka ware daga cikinsu, har ya kai inda aka shata. Yaran cikin gari da yawa ba su taɓa yin ta ba, sai ka ga ɗan ƙauyen da ya yi shiru tun zuwansa ya zama malamin kowa. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa ta a jadawali. A yi ta a kan yashi ko ciyawa, a haɗa sa'a da sa'a, kada a haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan goma sha uku. 'Yan mata suna da carafke da 'yar gala-gala da tsallen igiya, amma kada a hana wadda ke son ƙwallo shiga fili. Jan igiya da tseren buhu a bar su sai la'asar, rana ta yi sanyi.

Kullum ka ajiye wasan cikin ɗaki a aljihu, don hadarin Agusta ba ya sallama. Dara a ƙasan baranda da tsakuwa da tsinke, kacici-kacici, da wasan kwaikwayo inda kowane gida zai nuna labarin ranar da zannuwan gado da sanduna.

Maki na gida ne, ba na mutum ɗaya ba. Muna rubutawa a allo inda kowa ke gani, kuma ba cin tsere kaɗai ke kawo maki ba. Gidan da ya fara wanke kwanoni, gidan da ɗakinsa ya fi tsabta, gidan da dukan goman suka haddace aya, gidan da aka ga sun taimaki wani gida, duk suna samu. Da zarar yara sun gane cewa sai na ƙarshensu ya iya aya za su ci, za ka ga manyan sun zaunar da ƙaramin a gindin mangwaro suna maimaita masa. Yaron da ke da lalurar ƙafa ko mai sikila kuwa kada a ajiye shi gefe yana kallo. A ba shi usur ya yi alƙalanci, ko ya riƙe allon maki, ko ya wakilci gidansu a dara.

Akwai wasa ɗaya da ba na tsallakewa kowace shekara. Ranar Alhamis da safe nakan ba kowane gida gwangwani cike da marafan kwalba, in ce: "Ga tumakinku ɗari, ku ƙirga ku tabbatar." Su zube su a tabarma su ƙirga, su sami 99. Su sake ƙirgawa, har su fara zargin juna da kuskure. Sai in gaya musu cewa ɗaya ta ɓace a cikin harabar nan, an shafa mata fenti kalar gidansu, kuma ba a ba da makin komai sai an kawo ta. Ka ga yara sun watsu, wasu ƙarƙashin benci, wasu bayan tankin ruwa. Bara wata yarinya 'yar shekara takwas, wadda tun zuwanta ba ta ce uffan ba, abinci ma sai an lallashe ta, ita ce ta tura hannu bayan randa a madafa ta zaro ta gidansu. Ta tsaya riƙe da ita a tafin hannu, ba ta san abin da za ta yi ba. Wani babban yaro ya hango, ya kwarma ihu, 'yan gidan suka sheƙo suka ɗaga ta sama suna zagaya fili da ita. Sai da kowa ya zauna yana haki, gumi yana zuba, sannan na buɗe Luka sura 15 na karanta musu labarin makiyayin da ya bar tasa'in da tara ya tafi neman ɗaya. Ban yi dogon bayani ba. Na tambaye su kawai: "Da kuka ƙirga kuka ga saura ɗaya, me ya hana ku haƙura?" Wani ya ce, "Ai tamu ce, Malam." Da dare Malamar gidansu ta gaya mini yarinyar nan ita ta roƙa a bar ta ta yi addu'ar kwanciya.

Haka nake so kowane darasi ya kasance: wasa ya share masa hanya, abinci da hira su biyo bayansa. Jigo ɗaya na sansanin duka, labari ɗaya da aya ɗaya kowace rana. Muna koyarwa da safe bayan karin kumallo, lokacin da kai yake sake. Ka zaɓi labaran da yara ke ciki: Sama'ila da aka kira shi da dare, yarinyar da ta nuna wa Na'aman inda zai sami warkarwa, yaron da ya ba da gurasa biyar da kifi biyu. Ka ba da labarin da murya da hannu da fuska, yadda kakanninmu ke yi a dandali. Amma ga wani abu da nake jan kunnen sababbin malamai a kai: kada ka buɗe da "ga ta nan ga ta nanku," kada ka rufe da "ƙurunƙus." Yaron da ya tashi da Hausa ya san abin da ke biyo bayan ƙurunƙus, ya san mai tatsuniya da bakinsa yake cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya. In ka sa labarin Dauda da Goliyat cikin wannan riga, a ransa zai ajiye shi kusa da Gizo da Ƙoƙi. Ka riƙe Littafi Mai Tsarki a buɗe a hannunka, ka nuna musu shafin, ka ce wannan ya faru.

Wajen haddace aya, ku daidaita a kan fassara ɗaya tun kafin ranar. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya, saboda haka wani yaro zai zo da na kakarsa inda aka rubuta Yohanna, wani ya zo da wanda aka rubuta Yahaya, kalmomin ayar ma su ɗan bambanta. Ku rubuta ayar ranar a allo da Hausa da Turanci. Yaranmu da yawa yanzu suna karanta Turanci tiryan-tiryan, amma in ka miƙa musu na Hausa sai su yi ta in'ina, alhali da Hausa ake wa'azi a majami'arsu. Kwana huɗun nan dama ce, ka sa su karanta da ƙarfi, ka nuna musu bambancin k da ƙ, da d da ɗ. Bayan haka sai a yi zare takobi: kowa ya ɗaga Littafinsa sama a rufe, a kira sura da aya, wanda ya fara samu ya miƙe ya karanta. A yi shi gida da gida, wanda ba shi da Littafi a haɗa shi da mai shi.

Muna amfani da wani littafi marar rubutu, mai shafuka masu launi, kowane launi yana wakiltar wani ɓangare na bishara, wanda asalinsa ke komawa ga wani wa'azi da Charles Spurgeon ya yi a Landan a 1866 da launi uku. Yana taimakon yaron da bai iya karatu ba sosai. Abu ɗaya na canza: ba na cewa baƙin shafi shi ne zunubi, shafin duhu nake cewa. Na taɓa ganin yarinya ta dubi shafin, ta dubi bayan hannunta, ta ɓoye hannun cikin zane. Ban so in sake ganin haka.

A kan kiran yara su ba da ransu ga Yesu, ra'ayina a fili yake. Ba na yarda a kashe fitila a yi ta ba yara labarin wuta har su fashe da kuka, sannan a ƙirga hannuwa a kai wa dattawa rahoto. Yaro yakan ɗaga hannu don abokinsa ya ɗaga, ko don Malam ya ji daɗi. Ka faɗi bishara a sarari da rana tsaka, ka ce duk mai tambaya ya sami malamin gidansu. Su zauna a baranda inda kowa ke ganinsu, a bar yaron ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, a yi addu'a tare, a kuma sanar da iyayensa.

Yaran maƙwabtanmu Musulmi sukan zo bakin shinge in sun ji ƙarar ƙwallo. Mukan gaishe su, mu ba su ruwa, in lokacin abinci ne a zuba musu. Amma ba ma rubuta sunan kowa ko mu shigar da shi darasi sai mahaifinsa ya zo da kansa ya ce ya yarda. Yadda ba za mu so a yi wa namu ba, ba ma yi wa na wani. Lasifika kuma muna kashe ta in an kira sallar magariba, ba ma kunna ta bayan ƙarfe tara.

Abinci aikin iyayenmu na Zumuntar Mata ne, kuma ka je ka roƙe su da ladabi tun da wuri, kada ka aika musu da sanarwa. Ka tambayi Mama shugaba abin da za a saya, ta fi ka sanin mudu nawa ke ciyar da yara hamsin. Kowane yaro yakan kawo mudun masara ko shinkafa ko wake, a juye a buhu ɗaya a bayan madafa, yadda ba wanda zai san wanda ya zo hannu wofi. Da safe koko da ƙosai ko kunun gyaɗa, da rana shinkafa da wake ko gwate, da dare tuwon masara da miyar kuka ko ta kuɓewa. Lokacin sabuwar masara ne, in an gasa da yamma yara ba sa mantawa. Kowane gida a tire ɗaya ko biyu yake ci, malamai a ciki, bayan an wanke hannu da sabulu a gaban idon malami. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa magani. Ku ajiye ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, in ya ƙare a haɗa: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Bayan tuwon dare ne zumunci ke nuna kansa. A fito da ganga da tulu da kacau-kacau, a yi waƙoƙin da kowa ya sani daga Littafin Waƙoƙi, sannan kowane yaro da ke da waƙa da yarensu ya koya wa taro. Ɗan Atyap ya ji ɗan Ibo yana ƙoƙarin furta kalmomin kakarsa, dariya ta kece, a sake gwadawa har a iya. Daga nan kowane gida ya koma gefe, su zauna da'ira, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah dominsa da abu ɗaya da ke damunsa. A nan ne za ka ji wanda babansa ba shi da lafiya, da wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗi, da wanda suka baro ƙauyensu da gudu. Abin da yaro ya faɗa a da'ira ba na hira ba ne. Amma in ya nuna ana cutar da shi a gida ko a wani wuri, malami ya kai wa shugaban sansani da Baba Fasto a daren, kada ya riƙe shi a ciki.

Ƙarfe tara kowa ya shiga gidan sauro, a ƙirga kai, a sake ƙirgawa. Mai fitsarin kwance a shimfiɗa masa kusa da ƙofa, malami ya tashe shi sau ɗaya cikin dare. In an yi rashin sa'a, a tashi da asuba kafin sauran, a wanke a shanya a bayan aji, ba wanda ya ji.

Ranar Lahadi yara ne ke jan sujada: su karanta nassi, su yi waƙa, su karɓi baiko, kowane gida ya faɗi ayoyinsa huɗu a gaban iyaye. Kyauta ga gidan da ya zo na ɗaya ba sai mai tsada ba, littafin rubutu da biro sun isa, kuma kowane yaro ya tafi da wani abu a hannu. Wajen sallama ka zauna a bakin ƙofa da takardun nan, yaro ba ya fita sai da wanda aka rubuta sunansa, ko da kuwa kawunsa ne ya zo. Kowane malami ya riƙe sunayen yaransa goma, ya ziyarci gidajensu kafin a koma makaranta a Satumba. Da yamma a wanke tukwanen Zumuntar Mata a mayar musu da godiya, a naɗe tabarmi a ƙirga, a share azuzuwa. Ranar Litinin malamai mu haɗu na awa ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya tafi daidai da wanda bai tafi ba, in rubuta a littafin da zan buɗe in Mayu ta zagayo.